Jagorar Mai Kiɗan Jitar Bes: Zaɓe, Gyara, Kulawa da Fita Wasa

Jitar bes ita ce ke riƙe ƙasan kiɗa, wato sautin nan mai kauri da mutum yake ji a ƙirjinsa tun kafin kunnensa ya tantance shi. Tun shekarar 1951 da Leo Fender ya fitar da samfurin Precision Bass a Kalifoniya ta Amurka, wannan jita ta karɓe wurin babbar bes ta katako da ake tsayarwa a ƙasa a yawancin ƙungiyoyin kiɗan zamani, domin ta fi sauƙin ɗauka, kuma amfilifaya na iya ƙara mata ƙarfi gwargwadon girman wuri. A wajenmu masu kaɗa ta ba su da yawa, saboda galibin waƙoƙin sutudiyo da fiyano ake haɗa su, shi ya sa wanda ya mallake ta a Kano ko Jos ko Yamai ba kasafai yake samun mai gyara kusa da shi ba. Ke nan ya zama wajibi mai bes ya iya gyaran jitarsa da kansa, kuma ina da yaƙinin cewa jita mai matsakaicin kuɗi da aka saita da kyau ta fi mai tsada da aka bar wa ƙura da hunturu.

Mataki na farko: zaɓen jita

Ga mai farawa, jita mai tsirkiya huɗu ta wadatar. Ana saita su a kan sautukan kiɗa da ake kira E, A, D da G daga mai kauri zuwa siririya, kuma tsawon tsirkiyar da ke kaɗawa inci 34 ne a yawancin jitoci, wato kimanin santimita 86. Akwai masu inci 30 da suka fi dacewa da yara da masu ƙananan hannuwa. Mai tsirkiya biyar tana ƙara B a ƙasa da E, kuma tana da amfani ga mai kiɗa a ƙungiyar da mai fiyano ke yawan sauya makullin waƙa, amma wuyanta ya fi faɗi, tsirkiyoyinta sun fi tsada, sannan hana tsirkiyar da ba a taɓa ba yin gunaguni ya fi wuya.

Ƙira biyu ne suka mamaye kasuwa. Ƙirar Precision tana da fikof guda ɗaya da aka raba biyu, wato maganaɗisun da ke ɗaukar motsin tsirkiya ya mai da shi lantarki, kuma sautinta dunƙulalle ne da ke zama daram a cikin kiɗa. Ƙirar Jazz, wadda ta fito a 1960, fikof biyu gare ta da wuya siriri, sautinta ya fi fita sarari, sai dai tana yin 'yar ƙara idan aka buɗe fikof ɗaya kaɗai. Akwai kuma bambanci tsakanin jita mai batir da marar batir. Mai batir, irin Music Man StingRay ta 1976 da waɗanda suka bi sahunta, tana ba ka damar ƙara kauri ko kaifin sauti daga jikinta, amma ranar da batirin ya mutu a tsakiyar wasa sautinta zai dusashe ko ya ɗauke. Ni dai marar batir nake ba mai koyo shawara ya fara da ita. Yamaha, Ibanez, Cort da Squier duk suna yin jitoci masu aminci a farashi mai sauƙi.

Da yake yawancinmu na hannu muke saye, dubawa kafin biyan kuɗi ta fi sunan kamfani muhimmanci. Ka ɗaga jitar ka kalli wuyanta daga kai zuwa gindi a cikin haske: ɗan lanƙwasa kaɗan ba laifi ba ne, amma idan wuyan ya murɗe, gefe ɗaya ya fi ɗaya tashi, to ka ajiye ta komai arharta, domin wannan ciwo ba ya gyaruwa da sauƙi. Ka nemi a ba ka alanki ka gwada ko notin sandar ƙarfen da ke cikin wuyan yana juyawa dama da hagu, domin idan ya cije ko bakinsa ya cinye, ba za ka taɓa iya saita jitar ba. Sai ka jona ta da amfilifaya ka danna kowane firet, wato siraran ƙarafan da aka gitta a jere a fuskar wuyan, a kan kowace tsirkiya, ka murɗa kowane maɓalli kana sauraren ƙarar tsatsa, ka kuma girgiza kan wayar a cikin raminsa ka ji ko sauti na yankewa. Ƙarar maɓalli da sakin rami ƙananan abubuwa ne da kowane mai gyaran rediyo zai magance da dalma, don haka dalili ne na neman ragi, ba na fasa ciniki ba.

Mataki na biyu: tsirkiyoyi

Tsirkiya iri biyu ce aka fi amfani da ita. Mai kaushi, wadda aka naɗe da zagayayyiyar waya, tana ba da sauti mai haske da kaifi, kuma ita ce ke zuwa a kan yawancin sababbin jitoci. Mai santsi, wadda aka naɗe da shimfiɗaɗɗiyar waya, sautinta ya fi taushi da zurfi, ba ta cin yatsa, ba ta tara datti a tsakanin naɗinta, kuma tana iya yin shekaru ba a sauya ta ba. Ga mutumin da sai ya yi aike Legas ko ƙasar waje kafin ya samu sabon saiti, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Matsakaicin kauri da aka saba da shi shi ne 45 zuwa 105, kuma waɗannan lambobi ne za ka gani a jikin fakiti.

Idan za ka sauya, ka yi ɗaya bayan ɗaya domin kada wuya ya rasa nauyin da ya saba da shi gaba ɗaya. Ka zura sabuwar ta cikin gada, wato ƙarfen da ke riƙe gindin tsirkiyoyi a jikin jita, ka ja ta ta wuce sandar da za ta naɗu a kanta da kimanin santimita 8 zuwa 10, ka lanƙwasa ta a nan kafin ka yanke, domin lanƙwasawar ce ke hana naɗin waje zamewa daga wayar ciki. Ka cusa bakin a ramin sandar, ka murɗa yadda naɗin zai riƙa sauka ƙasa, zagaye biyu ko uku, ba tare da wani ya hau wani ba. Bayan ka kai ta saitinta, ka ɗan ja ta sama da hannu sau biyu ko uku ka sake saitawa har ta daina sauka. Tsofaffin makaɗa kan tafasa tsohuwar tsirkiya a ruwa domin ta dawo da haskenta, kuma dabarar tana aiki na ɗan lokaci, amma jiƙa ta kwana guda a cikin sifirit ya fi, tunda ba ya jawo tsatsa.

Mataki na uku: saita jitar

Nan ne zuciyar aikin, kuma jerin yana da muhimmanci, domin kowane gyara yana shafar na bayansa: lanƙwasar wuya tukuna, sai tsayin tsirkiya, sai daidaiton sauti, sannan tsayin fikof. Kayan aikin ba su da yawa: alanki da ya dace da jitarka daidai, ƙaramin sukundireba, rula ta ƙarfe mai milimita, filageji irin na makanikai, wato siraran fallayen ƙarfe na auna ƙaramar tazara, da na'urar saita sauti ko manhajarta a waya. Kafin kowane awo, ka tabbata tsirkiyoyi suna kan saitinsu, kuma ka riƙe jitar yadda kake riƙe ta in kana kiɗa, kada ka auna ta a kwance.

Tsirkiyoyi huɗu suna jan wuyan jita da nauyin da ya kai kilo 70 zuwa 80, kuma sandar ƙarfen da ke cikin wuyan ita ce ke turjewa. Domin ka san inda aka tsaya, ka danne tsirkiyar E a firet na farko, da kafo, wato maƙalar da ke danne tsirkiyoyi a kan wuya, ko da hannun wani, ka kuma danne ta a firet na ƙarshe, sai tsirkiyar ta zama miƙaƙƙen layin awo. Ka duba tazarar da ke tsakaninta da saman firet na 8. Abin da ake nema shi ne kimanin milimita 0.3, wato kusan kaurin katin gayyata mai kauri. Idan tazarar ta fi haka, wuyan ya rusuna da yawa, kuma jitar za ta yi tauri a tsakiya, sai ka ɗaure notin zuwa dama. Idan babu tazara ko kaɗan, tsirkiya za ta riƙa zizara a firet na farko-farko, sai ka sassauta zuwa hagu. Kada ka wuce kwatan zagaye a lokaci guda. Ka juya, ka sake saita tsirkiyoyi, ka ba itacen lokaci ya zauna, sannan ka sake aunawa. Idan ka ji notin ya cije, ka tsaya nan take, domin sandar da ta karye a cikin wuya gyaranta na iya fin kuɗin jitar.

Daga nan sai tsayin tsirkiya, wanda ake gyarawa a kan gada ta hanyar ɗaga ko sauke 'yan ƙarafan da kowace tsirkiya ke hawa. A firet na 17, tazarar da ke tsakanin ƙasan tsirkiya da saman firet ta kasance kimanin milimita 2.4 a gefen E da milimita 2 a gefen G. Wannan mafari ne kawai. Mai hannu mai nauyi yana bukatar ya ɗaga kaɗan, mai tattausan taɓi kuwa zai iya saukewa. Ka yi hukunci da abin da ke fitowa daga sifika, domin 'yar zizar da kake ji a jikin jita ba tare da amfilifaya ba sau da yawa ba ta isa wurin mai sauraro.

Na uku shi ne daidaiton sauti a tsawon wuya, kuma shi ne abin da ke sa jita ta yi daidai a buɗe amma ta yi ɓata idan an hau sama. Ka saita tsirkiya a buɗe, sannan ka danna firet na 12 ka duba na'urar. Idan sautin ya haura inda ya kamata, tsirkiyar ta yi gajarta, sai ka ja ƙarfenta baya, nesa da wuya. Idan ya gaza, sai ka tura shi gaba. Bayan kowane juyi sai an sake saita tsirkiyar kafin a sake gwadawa. Kada ka ɓata lokacinka a kan wannan aiki da tsofaffin tsirkiyoyi, domin datti da lotsawa suna hana su bayar da awo na gaskiya.

Tsayin fikof shi ne na ƙarshe kuma mafi sauƙi. Ka danne firet na ƙarshe ka bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin tsirkiya da fikof, gefen E ya ɗan fi nisa, sannan ka kaɗa tsirkiyoyin bi da bi ka gyara har ƙarfinsu ya zo ɗaya.

Mataki na huɗu: hunturu, zafi da damina

Itacen jita yana son laimar iska ta kasance wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali a lokacin hunturu laimar kan faɗi ƙasa da kashi 20 a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Damagaram. Idan itace ya bushe sai ya tsuke, ƙarfe kuwa ba ya tsukewa tare da shi, shi ya sa a watan Janairu za ka shafa gefen wuya ka ji bakunan firet sun fito suna kartar hannu, kuma saitin da ka yi da damina ya sauya. Maganin shi ne jita ta riƙa kwana a cikin akwatinta ko jakarta a rufe, tare da ɗan soso mai danshi, wanda aka matse sosai aka sa a cikin robar sabulu da aka huda wa ramuka, ta yadda ruwa ba zai taɓa itace ba. Idan fuskar wuyan baƙin itace ne marar fenti, ka shafa mata ɗigo kaɗan na man da aka yi domin haka sau ɗaya ko biyu a shekara, ka goge ragowar. Kada ka sa man gyaɗa ko man ja, domin suna yin ɗoyi kuma suna kama ƙura. Farar fuska mai sheƙi kuwa tsumma kawai take bukata.

Da damina matsalar takan juya: itace ya kumbura, tsirkiyoyi da sukurori su fara tsatsa. A lokacin sai a cire soson a sa 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi. Saboda haka ka ɗauka cewa sau biyu a shekara za ka duba lanƙwasar wuya, da shigowar hunturu da kuma bayan ruwa ya zauna. Zafin but ɗin mota da rana a watan Afrilu yana iya sassauta gam ya lanƙwasa wuya, don haka jita ta zauna a inda kai ma za ka iya zama. Bayan kowane kiɗa ka goge tsirkiyoyi sama da ƙasa da busasshen tsumma, domin gishirin gumi ne ke kashe su. Mai jita mai batir ya riƙa zare waya idan ya gama, saboda shigar kan wayar a rami ita ce ke kunna batirin mai bolt 9.

Mataki na biyar: amfilifaya da wutar lantarki

Don atisaye a ɗaki, amfilifaya mai wat 15 zuwa 40 ta isa, amma a gefen mai ganguna kana bukatar wat 200 ko fiye. Kada ka jona bes da amfilifayar ƙaramar jita ka buɗe ta, domin tsirkiyar E tana kaɗawa sau 41 kacal a daƙiƙa, kuma wannan sauti mai zurfi yana tura takardar sifika nesa fiye da abin da aka yi ta dominsa. Idan kan amfilifaya daban ne da akwatin sifika, ka karanta abin da aka rubuta a bayansa: akwati biyu masu om 8, wato ma'aunin turjiyarsu ga lantarki, idan aka haɗa su suna komawa om 4, kuma sauka ƙasa da abin da amfilifayar ta yarda da shi yana sa ta yi zafi ko ta ƙone. Wayar sifika daban take da wayar jita ko da kawunansu sun yi kama, kada a musanya su.

Wuta ce ta fi kashe mana kaya. Najeriya da Nijar suna amfani da bolt 220 zuwa 230, alhali kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, don haka duk amfilifayar hannu da ka saya ka karanta bayanta kafin ka jona, idan ta Amurka ce marar makunnin sauya ƙarfi, sai da taransifoma mai rage wuta. A wurin da ake aiki da janareta, ka bi ta sitabilaiza, ka bar injin ya daidaita kafin ka kunna, kuma idan za a sauya daga wutar gari zuwa inji ka kashe tukuna. Ƙa'idar ita ce amfilifaya ce ta ƙarshen kunnawa kuma ta farkon kashewa. Ina roƙon kowane makaɗi kada ya karya ƙafar soket ta uku don ya rage ƙara, domin ita ce ke kai wuta ƙasa idan wani abu ya lalace, kuma tsirkiyoyin da ke hannunka a haɗe suke da jikin amfilifayar. Idan ka taɓa makirufo ka ji tsiko alhali hannunka na kan tsirkiya, a dakatar da komai sai mai gyaran wuta ya duba.

Mataki na shida: ranar wasa

Jakarka ta ƙunshi waya biyu, batir, saitin tsirkiya ko da tsoho ne, alanki, tsumma, da soket mai doguwar igiya. Ka isa da wuri domin jita ta saba da yanayin wurin kafin ka saita ta. Ka zagaya wayar ta cikin maɗaurin kafaɗa kafin ka cusa ta, ta yadda idan wani ya taka ba za ta fizge ba. Ka tsaya kusa da mai ganguna, inda za ka iya ganin ƙafarsa ta dama, domin bugun babbar ganga da naka su ne ginshiƙin da sauran ke hawa.

A babban taro, injiniyan sauti zai ɗauki sautinka ta akwatin DI, wato ɗan akwatin da ke miƙa sautin jita kai tsaye, zuwa miksa, amfilifayarka kuwa ta zama abin da kai da abokanka kuke ji. Idan ƙara ta taso, akwatin yana da ɗan makunni na raba ƙasa da ke kawar da ita ba tare da haɗari ba. Kuskuren da na fi gani shi ne mai bes ya kasa jin kansa sai ya ƙara kaurin sauti. Zangon sautin E, wato tsawon kowace igiyarsa a cikin iska, ya haura mita 8, kuma a zaure mai siminti da kwano yana taruwa a kusurwoyi, ta yadda na bayan ɗaki zai ji gurnani kawai. Abin da ke fito da kai sarari shi ne tsakiyar sauti, wajen 700 zuwa 1,000 a ma'aunin amfilifaya, don haka ka rage kauri, ka ƙara tsakiya, ka janye sifika daga kusurwa. Ka kuma kare kunnenka da abin toshewa, domin ƙarar da ta wuce desibel 85 tana cutarwa idan aka daɗe a cikinta, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. Batun kuɗi, sufuri da lokacin tashi kuwa a gama shi da mai taro tun kafin a ɗora kaya a mota.

Mataki na bakwai: abin da za ka saurara

Hannu yana bin kunne ne, don haka sauraro rabin atisaye ne. James Jamerson, wanda ya kaɗa a faya-fayan kamfanin Motown na Amurka masu yawa da Precision mai tsirkiya mai santsi, zai koya maka yadda bes ke yin nata waƙa ba tare da ta tare wa mawaƙi hanya ba. Aston Barrett na ƙungiyar Wailers ta Jamaika zai koya maka darajar barin gurbi. Kiɗan Fela Kuti a kan gangunan Tony Allen darasi ne na riƙe gajeren zubi ɗaya na mintoci masu yawa ba tare da gajiya ko ƙari ba, Richard Bona na Kamaru kuwa ya nuna iyakar taushin da za a iya fitarwa daga wannan jita. Kusa da gida, ƙungiyoyin Nijar irin su Mamar Kassey da Tal National sun nuna yadda bes ke zama tare da kayan kiɗa da salon gargajiya.

Idan kana raka mawaƙin Hausa, ka tuna cewa jama'a baitin suka zo ji. Ka sassauta lokacin da yake zuba kalmomi, ka cika wurin lokacin amshi, kuma idan akwai kalangu a kiɗan ka bar masa saman ka riƙe ƙasa. Domin hannunka ya saba da haka, ka riƙa atisaye da na'urar ƙidayar bugu a kan 60 zuwa 70 a minti, kana musanya manuni da ɗan tsakiya, kana kwantar da babban yatsa a kan tsirkiyar da ba ka kaɗawa, sannan ka naɗi kanka a waya ka saurara washegari, ka gyara wuraren da ka riga ganga ko ka makara kafin ka ƙara sauri.